Bam a Juye

"Baba, zo ka ga aikin aljani."

Uban ya zo ya leƙa jirgin. Tun da inji ya murƙushe yatsun hannun daman ɗansa a tashar jiragen ruwan Iskandariyya, likita ya sa ɗan haɗa jiragen takarda don motsa yatsun. Na yanzu jirgin yaƙin Ingila ne mai fikafikai hawa biyu, mai dakon bam ɗin nutsar da jiragen ruwa. Duk ranar da ɗan ya tafi gashin ƙashi a asibiti, sai uban ya miƙe abin da ya karkace a ɓoye, don kada ɗan ya karaya.

"Aljanin ya liƙa bam a juye, farfela na kallon gaba. Na ɓamɓare, na gyara."

"Da wane hannu?"

Ɗan ya ɗaga na daman, yatsun duk sun ɓaci da gam.