Goɗiyar Mai Dabara da Jan Ƙyalle

Ka ga, akwai wani mai kiwon dawaki da ba a taɓa yi masa wayo ba, a faɗarsa. Wata shekara likitar dabbobi ta zo garinsu gwajin sabuwar allurar rigakafin cutar nan da ke sa dawaki zazzaɓi da majina, ta sa goɗiya ɓari. Ta yi wa jama'a bayani filla-filla: rabin dawakin za su sami maganin, rabi ruwan gishiri kawai, don a gane ko yana aiki. Ita kanta ba ta san wanne ne wanne ba, amsar tana cikin ambulan a rufe. Aka yi ƙuri'a, aka ɗaura wa kowane doki ƙyalle a wuya, ja ko shuɗi. Goɗiyar mutumin, mai cikin fari, ta sami shuɗi. Da ya waiga ya ga ja a wuyan dokin mai gari, sai ya yi murmushi. A ransa ya ce, wa ya isa ya ɗirka wa dokin mai gari ruwan gishiri? Ana tayar da sallar azahar, kafin a fara allurar, ya ce alwalarsa ta karye, ya zagaya ya kwance jan ƙyallen goɗiyar maƙwabcinsa, ya musanya da nasa. Har ya shafa wa goɗiyar maƙwabcin wuya don tausayi.

Bayan wata huɗu cutar ta shigo gari. Goɗiyarsa ta kwanta, ta tashi da ƙyar, cikin kuma ya zube. Ta maƙwabci ko atishawa ba ta yi ba, ta haifi duƙushi mai farin goshi. Da aka buɗe ambulan a gaban jama'a, shuɗi ne maganin. Mutumin ya miƙe zai yi ƙorafi, ya tuna inda maganar za ta ɓulle, ya koma ya zauna yana gyara hula. Maƙwabcin ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Yi haƙuri, malam, ƙuri'a ce. Ni wallahi da farko na ɗauka ja aka ba ni." Mutumin ya ce masa ido yakan yi gizo. Ya tafi gida da maganarsa a ciki, bai ko gaya wa matarsa ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira akan rasa ido.