Mai Tabon Wuta

Sitt Nazha tana shafa haɗin yajin za'atar a kan gurasa lokacin da waƙar ta fito daga wayar jikarta Lamis. Hannunta ya tsaya cak.

"Maido ta baya."

"Kin ji ko, Teta?" in ji Lamis, don haka take kiran kakar tata. "Ashe dai! Ke ma sun kama ki! Ƙungiyar 'Yan Matakala ke nan. Sabbi ne, amma wallahi kafin baɗi sai duk Beirut ta yi layi a kansu."

An cika ta da jita mai tsawa da ganguna, amma waƙar ita ce, ba wata ba. Shafik ne ya yi mata ita a shekarar aurensu, ranar da kaskon gashi ya ƙone ta a wuyan hannu. A ɗaki yake rera mata, ƙofa a rufe, kuma ba a taɓa ɗaukar ta a kaset ba. Lokacin yaƙi ya fita sayo gas, 'yan bindiga suka tare shi a shinge, aka kawo mata rigarsa. Ta yi makoki, ta sa baƙi, ta raini 'yarta da wannan kaskon ba tare da ta roƙi kowa ba. Gidan farko ya ƙone da hotuna da komai. Waƙar ce kaɗai ta rage mata, ko 'yarta ba ta taɓa ji ba.

Yanzu ga ta a bakin wasu yara masu gemu, ana tsalle a kanta.

To wa ya ba su? Ta fara da Umm Ghassan, wadda bango ɗaya ya raba su a da, mace mai kunne kamar tasa. Ta kai mata gurasa mai zafi, ta yi ta zagaye-zagaye da hira. Ashe matar ko sunan 'ya'yanta ba ta riƙe ba yanzu. Ta koma kan Fu'ad ƙanen Shafik, wanda zai iya sayar da haƙoran uwarsa. Ya rantse bai san wansa yana waƙa ba ma. Har Lamis sai da ta yi wa kallon tuhuma kwana da kwanaki: ko cikin barci take rerawa yarinyar ta kwasa?

Abin da ya fi ci mata rai baitin ƙarshe ne, wanda ba ta sani ba. Wai wani mutum yana tsayawa a tsallaken titi da safe, yana shaƙar ƙamshin za'atar, ƙafarsa ta ƙi tsallakawa. Sun sata, sannan sun yi mata faci.

Ranar Lahadi da yamma, ranar da yaran za su yi wasa, ta yafa baƙin mayafinta.

"Teta, wurin a ƙarƙashin ƙasa yake fa, kuma ba kujeru."

"Ni na ce miki zama zan je yi?"

A unguwar Mar Mikhael suka gangara wata matakala mai duhu. Wani tsoho mai hular ulu yana zaune a bakin ƙofa da hatimi, shi ke buga wa duk wanda ya biya tambari a hannu. Nazha ba ta ko dube shi ba, ita ba ta kallon masu gadi. Ta ɗaga haɓa, ta yi wa bango magana.

"Ba zan biya ko lira ɗaya don in ji abin da yake nawa ba. In za ka kira maigidanka, kira shi."

Tsohon ya ɗago ya dube ta. Ya kama hannunta, ya juya shi, ya riƙe fiye da yadda ya kamata, har sai da ta fizge. Sannan ya buga hatimin, ya matsa mata hanya.

"Kin gani?" ta ce wa Lamis. "Haka ake ciniki."

Ciki zafi, hayaƙi da samari da 'yan mata kafaɗa da kafaɗa. Da aka taɓa jita sai wurin ya ɗauka. Lamis ta ɓace cikin tsallen, tana ihun sunan mawaƙin, Jad. Nazha ta jingina da ginshiƙi, ta harɗe hannu, tana karantar fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ga hancin dangin Umm Ghassan ko idon Fu'ad. Ba ta ga kowa ba.

Waƙarta suka ajiye ƙarshe. Ganguna suka yi shiru, ɗakin duka ya rera tare, yaran da ba a haifi iyayensu ba lokacin da kaskon ya ƙone ta. Nazha ta kawar da kai. Ta ƙara jin haushi.

Ana gama tafi ta ratsa mutane da gwiwar hannu, ta damƙi rigar Jad yana naɗe waya.

"Kai ɗan gemu. Wa ya sayar maka da waƙar nan?"

"Ba a sayar mana ba, Hajja, wallahi. Kyauta ce."

"Kyautar wa? Mai ita ya mutu tun uwarka tana goye."

"Mai ita?" Yaron ya yi dariya. "Kullum yana rera ta in yana share mana wurin nan, mu muka yi ta roƙonsa. Baitin ƙarshen ma ya ce bayan an sako shi daga kurkuku ya yi shi, da ya tarar gidansu sun riga sun yi masa makoki."

Ya dubi hannun da ke riƙe da rigarsa, inda shuɗin tawada ya zauna daidai kan tsohon tabon, dariyar ta ɗauke.

"Ai kin gan shi, Hajja. Shi ya buga miki wannan a bakin ƙofa."