Ƙullin Shekarar Fara

Da uwar ta kwance wa ɗiyarta zane don ta yi mata wankan magani, sai ta ga tsumma ɗaure tamau a cikinta.

Rumbunansu biyu cike suke da hatsi, amma wata bakwai ke nan yarinyar ba ta cin abin kirki. Uban ya kai wa wani malami akuya a Bangi, ya karɓo rubutu. Ta shanye rubutun, ta ture tuwon. Kakar ta ce iskoki ne, aka yi turare. Daga baya kowa ya gaji da magana. A ajiye mata ƙwarya, a ɗauke ta yadda aka ajiye.

Kullum uwar kan ce, "Taɓa hura ko ludayi guda."

Ita kuwa ta ce, "Na ci a madafa, Inna."

Uwar ta tsaya kallon ƙullin. Ta san shi. A shekarar da fara ta cinye gonaki, da gari ya koma cin 'ya'yan itacen anza masu ɗaci har ƙannen yarinyar biyu suka rasu, haka ita uwar take ɗaure cikinta a bayan ɗaki, ta miƙa wa yara rabonta, ta ce ta ci a madafa. Ta ɗauka ba wanda ya gani.

"Yunwa ta wuce, ɗiyata," in ji ta.

"Inna, in na ci, wa za shi rasa?"

Uwar ba ta yi kuka ba. Ta jawo ƙwaryar hura, ta zauna gabanta, ta cika ludayi ta sha. Shekara huɗu ke nan rabon yarinyar da ta ga uwarta ta kai wani abu baki.