Mantuwar Uwargida

"Ba ganganci ba ne, Malam," in ji likitan a Kazaure. "Zazzaɓin cizon sauron da matarka ta yi bara ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ba lallai mantuwar ta rabu da ita ba."

Maigidan ya sunkuyar da kai. Shekara guda yana ba 'yan majalisa dariya da labarin matarsa mai zuba gishiri sau uku a miya.

"Ba ku da gidan sauro ne?"

"Muna da shi, likita," matar ta yi caraf ta amsa, tana murnar ta tuna wani abu. "Sabo fil. Maigida ya kewaye irin tattasansa da shi, kada awaki su ci."

Tattasan kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi kyau.