Mutumin da Ta Ji a Waya

Tela ta tsayar da keken ɗinki, ta ƙura wa zoben da mai gyaran agogo ya ajiye gabanta ido. Yanzun nan ya nemi aurenta da yarenta, tsaf, ko gargada babu, kamar ɗalibin da ya haddace darasi.

Ta ce, "Malam, jiya na ji ka a waya da mahaifiyarka, da yarenku. Kana ƙyaƙyata dariya, kana faɗa, har da dukan tebur. Shekara biyu da saninmu ban taɓa ganin wannan mutumin ba."

"Ai ni ne dai."

"Da yarenmu auna magana kake kamar mai awon zinariya. Wanne ne kai? Wanne ke tunanina?"

Ya shiga murza maɓallin rigarsa.

"Sake tambayata," in ji ta. "Da yarenku."

"Ko kalma ɗaya ba za ki gane ba."

"Na sani."

Ya buɗe baki. Kalma biyu ya furta, in'ina ta kama shi. Ya sake farowa, zufa ta karyo masa, ya kasa haɗa ido da ita.

Ta ɗauki zoben.

"Wannan mai in'inar zan aura."