Farar Tamawa

Maniru ya faɗo gida a guje, ya tankwaɓe farantin soyayyar fara daga hannun mahaifiyarsa.

"Inna, kada kowa ya ci! Tsakata ta mutu!"

Inna Yahanasu ta miƙe. Wata shida ke nan tana haƙuri da wannan tsaka mai ɗigo-ɗigo da ya kwaso daga Dutsin-Ma, yana kiwonta a akwatin gilashi, yana ba ta ƙwari.

"Don mugun abin da kowa ke kashewa za ka zubar mini da abinci? Kanka ɗaya kuwa?"

"Daga buhun farar nan na ɗebar mata uku masu rai ɗazu. Ko awa ba a yi ba ta sandare. Na kira wanda ya kamo su a Tamawa, ya ce ashe jiya aka yi wa gonar feshi."

Inna ta dubi yatsunta, duk mai da yaji.

"Maniru, tayar da babur ɗinka," ta ce a hankali. "Tun a kasko nake ɗanɗana gishiri."