Aiki Da Godiya

Gonar Siman tana bayan gidansa, can gefen Anguwan Rukuba, a bakin wani kwazazzabo da ya samo asali daga tsohon ramin haƙar kuza. Kowace damina sai ruwa ya ƙara gutsure bakin ramin. Kunyoyin dankalin turawan da yake ciyar da iyalinsa da su suna ta raguwa, har zaizayar ta fara doso bangon ɗakin baya.

Da aka ji a rediyo cewa majalisa ta amince da kuɗin gina katangar dutse da dasa itatuwa a wurin, unguwa ta yi murna. Ɗan kwangila ya zo ya kafa allo, ya zube tarin duwatsu, ya tafi. Rani ya shiga ya fita, ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Sai a farkon damina ya dawo da leburori. Suka saro rassan itacen turare, suka bi bakin hanya suna sokawa a ƙasa, suka shafa wa duwatsun farar ƙasa. Lukuman tela, maƙwabcin Siman, ya leƙo daga shagonsa yana dariya.

"Baba Siman, ka ga ikon Allah? Itacen da aka dasa da safe har ya fi ni tsawo!"

Siman ya kama ɗaya ya ja, ya taho a hannunsa ba ko jijiya. Ya shiga da shi gida ya nuna wa matarsa Abigel.

"Gobe 'yan majalisa za su zo su ga abin da aka yi da kuɗin," in ji ta. "Baban Klaudiya, ka riƙe reshen nan ka nuna musu. Kada kunyar nan taka ta cuce mu."

Washegari aka kafa rumfa a bakin titi, nesa da ramin, inda rassan ke nan kore shar. Ɗan kwangilar ya rusuna ya gai da Siman, ya ce shi ne dattijon wuri, shi ya kamata ya tarbi baƙi. Aka zaunar da shi a sahun gaba. Ya tura reshen ƙarƙashin kujera yana jiran lokaci.

Shugabar kwamitin da majalisa ta turo, mace mai fara'a, ta tako har gabansa, mai kyamara na biye da ita.

"Baba, sannu da gida. Yaya aikin?"

Tun Siman yana yaro amsa ɗaya ya sani ga wannan tambaya, kuma ta fito kafin ya yi tunani.

"Aiki da godiya, ranki ya daɗe."

Ɗan kwangilar ya fara tafi, rumfa ta ɗauka.

"Babu wata matsala ke nan?" ta sake tambaya.

Siman ya dubi manyan baƙi, ya dubi ɗan kwangilar da ya girmama shi ɗazu. A gidansu ba a tarbar baƙo da kuka. Ya ce, "Babu komai, mun gode Allah."

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya ce a ƙarasa a ga katangar. Ɗan kwangilar ya nuna hadari, ya ce hanyar akwai santsi, ga shi mai wurin da kansa ya ba da shaida. Suka duba agogo, suka shiga motoci.

Abigel ba ta jira sun isa gida ba.

"Reshen fa? Kujera ka kai wa?"

"Maman Klaudiya, gaishe ni ta yi, na amsa."

"Ba gaisuwa ba ce, tambaya ce! Aikin rami ta tambaye ka, ba noman da kake yi ba!"

Cikin watan Agusta aka yi wani ruwa tun hantsi har la'asar. Bakin ramin ya zabtare, ya tafi da gonar da dankalin da ya kusa isa tono, ya haɗa da ɗakin baya. Allah ya tsare babu kowa a ciki. Iyalin suka kwashe abin da ya rage, suka raɓe a ɗakin da Lukuman yake ajiye yadi.

Siman ya yi ta zarya zuwa ofishin kwamitin. Ranar da ya dace da akawu, mutumin ya saurare shi da ladabi, sannan ya buɗe waya ya nuna masa bidiyo.

"Baba, ba kai ne wannan ba? Da maganarka kwamiti ya kafa hujja, aka biya ɗan kwangila sauran kuɗinsa. A wurinmu an gama wannan aiki. Sai dai ku kawo koke, ko a saka ku a kasafin baɗi."

"Amma ai su ma ba su leƙa ramin ba!"

"Gaskiyarka. Sun yi kuskure. Amma da ka ce a'a, da dole sun je sun gani."

Siman ya tsaya yana kallon kansa yana murmushi a cikin wayar. Ya rasa da wa zai yi faɗa.

Da ya dawo, ya shiga tsintar langa-langan rufin ɗakin da ya rushe a gefen ramin. Lukuman ya zo taya shi, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Sannu Baba, yaya aiki?"

Siman ya ɗago ya dube shi.

"Ba a yi shi ba," in ji shi.

'Yan uwa masu karatu, ladabi abu ne mai kyau, amma ranar da wakilanku suka zo bin sawun kuɗin jama'a, ba gaisuwa ta kawo su ba. Ku faɗi abin da idonku ya gani, ku ja su har bakin ramin. Ku kuma wakilai, kada ku karɓi godiya a madadin katangar da ba ku taɓa da hannunku ba.